Giɓin Dubu Tara

A ƙarshen watan farko da Manaja ya karɓi lissafin kantin daga hannun mahaifinsa, takardar ta ƙi daidaita. Takarda ce mai layi biyu, hagu da dama, da ake jero duk asusun kantin a kanta: kaya, haya, ciniki, albashi, kuɗin da ke hannu. In an tara hagu aka tara dama, dole jimlar ta zo ɗaya. Manaja yana ce mata tirayal balans. Mahaifinsa, Maikanti, wanda ya shekara talatin yana sayar da ƙusa da fenti da kwaɗo ba tare da ita ba, yana ce mata awon wata. A wannan watan hagu ta gaza dama da dubu tara cif.

Manaja ya tara sau uku a kwamfuta, kwamfuta ta ba shi amsa ɗaya sau uku. Sai ya juya kujerarsa ya dubi kanta, wato teburin ciniki, inda Gwaggo ke zaune a gaban aljihun kuɗi tana warware wata takardar kuɗi da ta cukurkuɗe.

Gwaggo yayar Maikanti ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun rasuwar mijinta take zaune a gidansa, a ɗakin da ke manne da kicin, kullum da safe kuma ta bi shi kanti ta riƙe aljihun kuɗi. Ba ta karatu, ba ta rubutu, amma ba a taɓa miƙa mata jabun kuɗi ta karɓa ba. Abin da ake ba ta a wata ba a ce masa albashi, ana ce masa na sabulu. Dubu goma sha biyar ne. Sha ɗaya daga ciki na tafiya ga maganin hawan jini da na sukari.

A falo aka yi maganar, bayan cin abincin yamma, gaban matar Maikanti da ƙannen Manaja mata biyu da ba wanda ya ce su tashi. Manaja ya yi bayani mai tsawo, ya nuna hagu, ya nuna dama, ya ce akwai giɓi, kuma a kantin nan mutum ɗaya ne ke taɓa kuɗi.

"Giɓi?" in ji Gwaggo. "Ni giɓin da na sani na bakina ne, shi ma likita ya cire haƙorin."

Ƙaramar yarinyar ta yi dariya, da ta ga ita kaɗai ce ta haɗiye sauran.

Gwaggo ta tuna wa ƙanenta cewa duk yamma tare suke ƙirga abin da ke aljihun, shi yake rubutawa a littafin kuɗi da hannunsa, kuma ba ranar da suka tashi da saɓani. Maikanti bai musa ba. Ya ce dai shi zamaninsa daban, yanzu abu ne na karatu, yaron nan shekara huɗu ya yi ana koya masa. Manaja ya jawo kwamfutar, ya buɗe sabon layi a hagu, ya rubuta Gwaggo, ya sa dubu tara a gabanta. Jimlar ƙasa ta zo ɗaya. Ya juya mata fuskar na'urar, ko da yake ya san lambobin ba sa ce mata komai.

"Kin gani, Gwaggo? Ina sa sunanki ta daidaita."

Maikanti ya leƙa ya ga lallai ta daidaita. A watan nan dubu shida aka ba ta.

Wata na biyu ma dubu tara ce. Na uku ma haka. Maikanti ya ce wa Gwaggo a mota, ba tare da ya dube ta ba, shi bai ce sata ba ce, tsufa ne, ido ya yi rauni, mutum ya ba da canjin dubu a maimakon ɗari biyar. Matarsa ba ta yarda da tsufa ba. Ta ce 'yar Gwaggo na zuwa duk mako da jaka, mijin 'yar kuma kowa ya san ba shi da aiki, to da me suke cin abinci? Manaja shi kam ya ce bai zargi kowa ba, lambobi ne suka yi magana, shi kuwa ba ya gardama da lambobi.

Gwaggo ta fara ƙirga canji sau biyu, wani lokaci sau uku, har masu gini da ke sauri suka fara tsaki a gaban kanta. Ta samo gwangwanin fenti da ya ƙare, duk dubun da ta shiga sai ta jefa ƙusa ɗaya a ciki, duk wadda ta fita sai ta cire. Da yamma ta zazzage ƙusoshin a kan kanta ta jera su goma-goma, su zo daidai da kuɗin. Kwana ashirin tana haka. Ranar da ta kira Manaja ya gani, ya dubi ƙusoshin ya ce ai na kanti ne, in ana ɗiba irin haka wata rana kayan ma za su yi giɓi. Ya mayar da su cikin kwali.

Dubu shida ba ta sayen maganin dubu sha ɗaya. Gwaggo ta sayi reza, ta riƙa raba kowace ƙwaya biyu a kan murfin kwalba, tana bin garin da ya zuba da yatsa tana lasa. Mai kemis ya ce mata ba a yi wa wannan magani haka. Ta ce masa ta ji. Ya tambaye ta ko ƙanenta ya sani, ta ce ƙanenta na da abubuwa da yawa a kansa. Ƙafafunta suka fara kumbura, takalmin da take sawa ya daina shiga, ta koma silifa.

A wata na huɗu aka ɗauke ta daga aljihun kuɗi. Maikanti ya ce don ta huta ne. Aka ajiye mata benci a bakin ƙofa, tsakanin bokitan fenti da bututun ruwa, ta riƙa gaisawa da masu shiga. Tsofaffin masu sayayya, da suka saba, sukan miƙa mata kuɗi, sai ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi ta nuna musu ciki da haɓa. Manaja ne da kansa ya zauna a gaban aljihun kuɗin. Gwaggo ta ƙirga kwanakin watan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa ɗokin ƙarshen wata irin wannan ba.

Takardar ta fito. Hagu ta gaza dama da dubu tara.

Aka sake zama a falo. Daga nan Manaja ya tuna cewa aljihun kuɗin mabuɗi biyu gare shi tun asali, kuma ɗaya kawai aka karɓa a hannunta. Gwaggo ta ce ɗayan ya ɓace tun kafin a haife shi. Ya ce abin da yake faɗa ke nan, ba a san inda yake ba. Aka sake kwaɗo, da ma shi suke sayarwa. A wata na biyar aka ce ta zauna a gida gaba ɗaya, rana ta yi mata yawa a bakin ƙofa.

Ta zauna a gida. Giɓin bai zauna ba. Dubu tara, kamar an auna da ma'auni.

Wannan karon bayanin ya ɗan yi wuyar samuwa, amma an samu. Maikanti ya ce irin wannan abu kamar danshin bango ne, ko an toshe inda ruwa ke shiga sai ya ɗau lokaci yana fitowa, watakila tsohon giɓi ne ke tasowa kaɗan-kaɗan. Matarsa ta ce a duba direban da ke kai kaya, ai ta sha ganin sa da Gwaggo suna ƙus-ƙus. Direban ya ji, daga ranar in ya zo gidan sai ya gaishe da Gwaggo daga bakin ƙofa da kalma ɗaya, ya juya. Manaja ya ce shi dai layin na nan da sunanta, kuma duk wata shi ke rufe giɓin, in an cire shi takardar ba za ta tsaya ba. Matar Maikanti ta kawo shawarar a tsayar da na sabulun duka, tunda ba a zuwa kanti. Maikanti ya ɓata rai ya ce yayarsa ce, muddin yana raye ba za a hana ta dubu shidanta ba. Ya daɗe yana jin daɗin wannan magana.

Gidan ya canza ba tare da an ce ya canza ba. Matar Maikanti in za ta fita sai ta kulle ɗakinta, ta kulle sito, ta jijjiga ƙofar ta ji. Yaran suka daina barin kuɗin makaranta a kan firij. In an yi baƙi aka ajiye jaka a kujera, sai wani ya tuna akwai abin da ake so Gwaggo ta duba a kicin. Ranar da ta je awon jini aka shiga ɗakinta neman almakashi. Aka nema a ƙarƙashin katifa, aka nema cikin akwati, aka kwance ƙullin zannuwa. An samu dubu ɗaya da ɗari uku, da kwalayen magani da ta tara babu komai a cikinsu. Da ta dawo ta ga an gyara mata gado fiye da yadda take gyarawa.

'Yarta ta zo ta ce ta tattara kayanta su tafi, ɗaki ɗaya ne amma za su matsa. Gwaggo ta ƙi. Ta ce in ta fita yanzu za a ce ta gudu, kuma maganar za ta bi 'yar har gidan mijinta. Ita abu ɗaya take jira: a falon da aka ce ta ɗauka, a nan za a ce ba ta ɗauka ba, gaban yaran da suka ji na farko. Sannan ta roƙe ta, in za ta zo ta daina zuwa da jaka.

A wata na bakwai ta faɗi a banɗaki da hantsi. Kwana tara ta yi a asibiti. Ta fito hannunta na hagu ba ya riƙe kofi, maganarta kuma ta yi nauyi. Likita ya tambayi Maikanti me ya sa take shan rabin magani. Maikanti ya ce wallahi bai sani ba, tsofaffi akwai taurin kai. Ya biya kuɗin asibitin, dubu sittin da takwas, bai ko nemi ragi ba, kuma duk wanda ya zo dubiya ya ji adadin. A watan da ta kwanta asibiti ma takardar ta nuna dubu tara. Ba wanda ya nemi bayani. An riga an saba.

Banki ne ya kawo ƙarshen abin, ba don Gwaggo ba. Maikanti na neman rance ya ƙara shago, bankin ya ce sai wani akanta daga waje ya duba littattafan. Wadda ta zo mace ce mai furfura a gefen kai, da tabarau, da rula, da fensir. Ba ta da yawan magana. Aka ba ta tebur a ɗan ofishin da ke bayan kanti, ta jera takardun wata takwas a gabanta.

Ta tambaya wace ce Gwaggo, mai sayen kaya ce ko mai kawowa. Manaja ya ce layin giɓi ne, ya yi mata bayanin yadda aka yi. Ta saurara har ya gama. Ta tambaya ko a watannin nan an taɓa ƙirga kuɗin hannu aka ga sun gaza abin da ke littafin kuɗi. Maikanti ya ce a'a, wannan kam kullum daidai yake. Ta sake bin takardun da fensir, ɗaya bayan ɗaya.

"Dubu tara, wata takwas, ba ƙari ba ragi," in ji ta. "Ban taɓa ganin ɓarawo mai albashi ba."

Ta ce giɓi in ya fito, ba sunan mutum ake ba shi ba. Ana ajiye shi ne a asusun jira har a gano daga ina ya zo. Kuma duk giɓin da tara ta raba shi ba saura, abin da ake fara nema shi ne inda aka juya lambobi biyu, ta gaba ta koma baya. Ta nemi rasiɗai. Ta ɗora rula a kan takardar tana saukowa layi-layi, tana kwatanta kowanne da rasidinsa da littafin kuɗin Maikanti. A layi na shida ta tsaya. Hayar kanti dubu hamsin da huɗu ce a wata. Haka ke rasiɗin mai gini, haka Maikanti ya rubuta da hannunsa, biyar sannan huɗu. A kwamfuta huɗu ce sannan biyar. Manaja ya buga ta sau ɗaya a watan farko, sauran watannin kwafa yake yi.

Abin bai kai minti ashirin ba. Shayin da aka kawo mata bai huce ba.

Ta ce ba kuɗin da ya ɓace, ko kwabo. Ta rubuta gyaran da fensir a layi biyu: haya a hagu, dubu saba'in da biyu, Gwaggo a dama, dubu saba'in da biyu. Ta ce ma'anarsa kantin ne ke riƙe da kuɗinta.

Manaja ya dubi allon kwamfutar, ya ce ai huɗu da biyar maƙwabta ne a wurin bugawa, kowa zai iya yi. Akanta ta ce ƙwarai, kowa na yi, shi ya sa ake dubawa.

Maikanti ya tashi ya tura ƙofar ofishin. Ya ce Malama, magana ce ta cikin gida. Yaron nan shi za a gabatar wa banki a matsayin mai kula da kanti. Ma'aikata na ganin girmansa, in wannan ta fita direba ma sai ya raina shi. Ga uwarsa, ba za ta iya haɗa ido da maƙwabta ba bayan duk abin da ta faɗa. Ita kuwa Yaya, ai tasa ce, ba ta riƙe mutum, kuma a halin da take ciki likita ya ce kada a tayar mata da hankali. Akanta ta ce aikinta takarda ne, takarda kuma ta ce dubu saba'in da biyu.

Nan Manaja ya tuna da rasiɗin asibiti. Ya ce dubu sittin da takwas ɗin nan an rubuta su ne a asusun Baba, alhali a kan Gwaggo aka kashe su. In aka mayar da su kanta, saura dubu huɗu. Maikanti ya tambayi akanta ko takardar za ta daidaita in an yi haka.

"Za ta daidaita," in ji ta. "Takardar nan hagu da dama kawai ta sani. In an sa abu inda bai dace ba, muddin an sa shi gefe biyu, ba ta cewa uffan."

Ta ce ita dai ba da hannunta ba. Manaja ya buga da nasa, wannan karon ya duba lambobin sau biyu. Akanta ta rubuta abin da ta gano a shafi ɗaya ta miƙa wa Maikanti, ya ninke ya sa a aljihun tebur. Da za ta tafi ta nemi a kai ta ta gaida tsohuwar. Aka ce ba ta jin daɗi, ba ta ganin baƙi.

Da yamma Maikanti ya tara gidan a falo. Yaran suka riƙo Gwaggo ta zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa, sandarta tsakanin gwiwoyinta. Ya yi gyaran murya ya ce an kawo ƙwararriya ta duba littattafai, an rufe giɓi, daga wannan watan ba za a ƙara cire wa Yaya komai ba. Abin da ya wuce ya wuce, shi ba ya son a ƙara tayar da zancen a gidan nan. An yafe. Ya miƙa mata ambulan da dubu huɗu a ciki ya ce ta sha magani.

Gwaggo ta riƙe ambulan da hannun da ke aiki. Ta ɗau lokaci kafin harshen ya ba ta hanya. Ta tambaya ko an gano inda kuɗin suka shiga. Manaja ya ce abu ne na lissafi, ko an yi mata bayani ba za ta gane ba. Ta juya ga ƙanenta.

"Ka ce an yafe. Wa ya yafe wa wa?"

Maikanti ya buɗe baki. Ya dubi ɗansa, ɗansa na duban wayarsa. Ya dubi yaran biyu, su kuma shi suke kallo. Matarsa ce ta amsa.

"Haba Yaya, ke aka yafe wa mana. Ai godiya za ki yi."

Gwaggo ba ta ɗauke ido daga kan ƙanenta ba. Ta ba shi lokaci mai yawa, fiye da yadda kalma ɗaya ke buƙata. Ya miƙa hannu ya ɗauki rimot, ya ce wa ƙaramar yarinyar ta raka gwaggonta ɗaki, ta gaji.

A ƙarshen wata na tara takardar ta daidaita da kanta, ba sunan kowa a layin ƙasa. Manaja ya buga kwafi biyu, ɗaya na banki, ɗaya ya kawo gida. Bankin ya ba da rancen. Gwaggo ta karɓi dubu goma sha biyar cif, ta koma shan ƙwaya guda, hannun dai bai dawo ba. Ana ci gaba da kulle sito. Da wata maƙwabciya ta tambayi labarin kuɗin nan da ke ɓacewa a kanti, matar Maikanti ta rage murya, ta nuna ɗakin da ke manne da kicin da haɓa, ta ce alhamdu lillahi, tun ranar da aka zaunar da ita aka yi mata magana, ta daina.